Tafiyata da ƙannena huɗu masu neman gurbin karatun likita

11 ga Janairu, 2025

Toh Bismillah. Yau muka yi zaman farko da yaran nan huɗu da na ɗauki alƙawarin zan tsaya musu har mu ga ƙarshen neman gurbin karatun likita na bana, nace bari in dinga rubuta abin da ya gudana bayan kowane zama dan kar in manta, ko kuma wani mai irin niyyata ya tsinci wani abu a ciki. Bazan kira sunan kowa ba. Akwai auta, tana ajin ƙarshe na sakandare, wannan ne karonta na farko a JAMB. Akwai namiji ɗaya da zai zauna karo na uku. Akwai wadda take A-level, karatun share fagen shiga jami'a na tsarin Ingila, hankalinta kuma na can Ingilan. Sai babbarsu da ta gama digiri a Bayokemistiri, ita Amurka take so. Duk Asabar da dare muke haɗuwa ta bidiyo in dai ba kwanan asibiti nake ba.

Abin da ya sa na ɗauki wannan aikin, ni shekara guda cur na rasa a lokacina, kuma makina ya yi kyau wallahi, matsalar sakamakon sakandare na zama biyu na haɗa, makarantar da na zaɓa kuma zama ɗaya take karɓa a likitanci, abin yana nan rubuce a ƙasidarsu, nice bansan ana dubawa ba kuma babu wanda ya riga ni bin hanyar a gidanmu balle ya ja min kunne. Har yau in na tuna sai inji wani abu a ƙirjina.

Aikin farko da na basu, kowa ya rubuto min layi biyar kan me ya sa likita. Uku cikin huɗu sun rubuto "ina so in taimaki al'umma". Nace musu malamin makaranta ma yana taimakon al'umma, mai gyaran famfo ma haka, ku koma ku sake tunani, ba gaggawa, muna da shekara guda.

25 ga Janairu

Yau ba karatu, takardu muka baje. Nace kowa ya jera takardar haihuwa, NIN, da rajistar WAEC ko NECO ya karanto min harafi bayan harafi. Ai kuwa sai ga ta auta, a NIN sunan mahaifi ne a tsakiya, a rajistar makaranta kuma an mayar da shi ƙarshe, ga watan haihuwa ma ya bambanta. JAMB daga NIN take ɗauko bayanan mutum, so duk abin da ke can shi zai bi ki har ranar tantancewa a jami'a. Na kira mamanta nace Mama dan Allah a fara neman gyara satin nan tun kafin a buɗe rajista, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na kuma maimaita musu abin da kowa ke ɗauka ya sani: likitanci a UTME, wato jarabawar JAMB, darussa huɗu ne, Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Lissafi baya ciki, amma dole ki sami kiredit ɗinsa a sakamakon sakandare tare da waɗancan huɗun, biyar kenan.

15 ga Fabrairu

Auta da yaron sunyi rajista Alhamdulillah. Mun fi awa ɗaya kan zaɓin jami'a. Abin da yara basa ganewa shine jami'a ba ita kaɗai ke yanke yawan ɗaliban likitancin da zata ɗauka ba, hukumar MDCN mai kula da likitoci da likitocin haƙori ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadi gwargwadon malamai da gadajen asibitin koyarwarta da kayan aiki, shi ya sa zakaga dubbai sun nema amma kujerun kaɗan ne, kuma shi ya sa mafi ƙarancin makin da ake sanarwa na shiga jami'a gaba ɗaya bashi da alaƙa da makin da zai kai ka ajin likita. Yaron nan sau biyu yana sa makaranta ɗaya a zaɓin farko saboda sunanta kawai, bai taɓa buɗe shafinsu ya ga yadda suke haɗa maki ba. Nace bana kafin ka danna komai sai ka kawo min abu uku a rubuce: zama nawa suke karɓa, suna jarabawar bayan UTME ne ko tantance takardu kawai, kuma yaya suke lissafin jimillar maki. Ya kawo, da ya gani da idonsa shi da kansa ya canza.

15 ga Maris

Wata guda muna gwaji da agogo. Tambaya 180 ce cikin awa 2, Turanci 60 sauran ukun 40 kowanne, in ka raba daƙiƙa 40 ne kowace tambaya, maki kuma a kan 400. Auta ta san karatu amma tana tsayawa ta yi ta kokawa da tambayar Fiziks ɗaya har minti huɗu saboda bata son ta wuce abin da bata warware ba. Nace mata ƙanwata tambayar da ta ƙi ki da wadda kika amsa cikin daƙiƙa goma makinsu ɗaya ne, ki wuce ki dawo.

Matsalar yaron daban ce kuma ta fi damuna. Ya haddace tsofaffin tambayoyi har yana faɗin amsa kafin in gama karantowa, amma da na canza lambobin wata tambayar lantarki, na mayar da resisto biyun daga jere zuwa gefe da gefe, sai ya yi shiru. Shekara biyu kenan yana haddar amsa ba tare da ya san daga ina ta fito ba. Mun ajiye tsofaffin tambayoyi gefe na sati biyu, muka ɗauko manhajar JAMB muna bi batu bayan batu, na kuma sa shi ya buɗe littafi na musamman, duk tambayar da ya faɗi ya rubuta ta, ya rubuta dalilin faɗuwar da hannunsa: ban san dokar ba ne, ko na sani na yi gaggawa, ko ban fahimci Turancin tambayar ba. Da farko yana jin nauyin nuna min littafin, yanzu shi ke fara turowa tun kafin in tambaya.

29 ga Maris

Zama mai nauyi da babbarsu. Na daɗe ina jinkirta maganar. A Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare, sai ka gama digirin farko sannan ka yi wasu shekara 4, wannan ta sani kuma shi ya sa take ganin ta cika sharaɗi. Ta kuma fara shirin MCAT, jarabawar shiga makarantun likitanci na can da ake wuni a kanta, wajen awa 7 da rabi, sashe huɗu, maki daga 472 zuwa 528. Abin da bata bincika ba shine makarantun da ke karɓar ɗan ƙasar waje ba su da yawa, da yawansu kuma suna so a ce ka yi wani ɓangare na karatunka a Amurka ko Kanada kafin su kalli fom ɗinka, ga kuma buƙatar ka nuna musu daga ina kuɗin karatun zai fito tunda bashin karatu na gwamnatinsu ba na baƙi bane. Bance mata ta haƙura ba. Nace ta zauna ta bi makarantun ɗaya bayan ɗaya a shafukansu ta fitar min da waɗanda digirinta yadda yake a yau zai wadatar. Na kuma faɗa mata wasu jami'o'in Najeriya suna ɗaukar mai digiri mai kyau a irin fanninta kai tsaye zuwa aji biyu na likitanci ta hanyar DE, wato Direct Entry, shiga kai tsaye. Tayi shiru sosai, sannan tace Anti shekara biyu ina gaya wa kowa Amurka zani. Nace na sani, amma ke me kike so, Amurkan ko likitancin? Bata amsa ba, nima ban matsa ba.

28 ga Afrilu

Sun rubuta UTME. Auta tace ta gama da saura minti shida. Yaron yace Kemistiri ta yi zafi. Nace kowa ya huta kwana biyu, auta kuma ta juya kan WAEC.

11 ga Mayu

Sakamako ya fito. Auta 301. Yaron 247, ya fi na bara da maki 30 da wani abu amma ni da shi duk mun san da wuya ya kai shi inda yake so. Ya turo min hoton sakamakon ba tare da ko kalma ɗaya ba, na kira bai ɗauka ba, na bar shi.

Babbarsu kuma ta sanar dani ta nemi DE tun a watan jiya bata faɗa min ba sai da ta gama. Naji daɗi har raina.

17 ga Mayu

Baban yaron ya kira ni, dattijo mai mutunci, yace 'yata ki faɗa min gaskiya yaron nan zai iya ko ɓata lokaci muke. Nace Baba iyawa zai iya, na ga yadda kansa ya buɗe cikin wata biyu, amma makin bana ba zai isa ba kuma bazan ɓoye muku ba. Baban yana so ya canza kos zuwa Fisiyoloji ko Anatomi saboda wani ya gaya masa in yaro ya yi ƙoƙari a aji ɗaya ana tsallakar da shi likitanci. Wannan maganar ta cuci yara da yawa. Tana faruwa a wasu wurare ga ɗalibai ƙalilan, wasu makarantun ma sam basa yi, saboda wancan adadin da aka ƙayyade musu ya riga ya cika, sai yaro ya shiga kos ɗin da baya so da zuciyar ɗan haya, ya yi shekara huɗu yana leƙen ajin wasu. Nace in zai shiga Fisiyoloji ya shiga dan yana sonta, ilimi ne mai daraja.

Ni a raina na fi karkata ga ya duba Famasi ko Radiyogirafi ko aikin jinya, na ma shirya masa bayanin kowanne. Da muka zauna ya saurare ni har ƙarshe sannan yace Anti kin tuna layi biyar ɗin da kika ce in sake rubutawa, na rubuta. Ya karanto min. Yana ɗan shekara 14 ƙaninsa ya dinga suma ana ta kai shi wurare, wata takwas babu wanda ya ce ga abin da ke damunsa, sai wata likita ta zauna ta yi ta yi wa mamansu tambayoyi kusan rabin awa, me yake yi kafin ya faɗi, idonsa ina yake kallo, bayan ya farfaɗo yana gane mutane, daga nan tace farfaɗiya ce kuma tana da magani. Yace shi wannan rabin awar yake so ya iya, ya zama mutumin da zai haɗa labari ya gano sunan ciwo. Na rufe bayanan da na shirya. Na faɗa masa sharaɗina: in zai sake zama karo na huɗu, sai dai mu fara tun Satumba ba Fabrairu ba, kuma mu rubuta tun yanzu abin da zai yi in bai samu ba, da sanin babansa. Ya yarda, baban ma ya yarda bayan kwana biyu.

21 ga Yuni

Na nemi izini a wurin aikina, mai son Ingila ta bini kwana uku tana kallo. Kafin mu shiga wurin kowane mara lafiya sai na tambaye shi ko ya amince ɗaliba ta tsaya, mutum biyu sun ce a'a ta jira a waje, nace mata wannan ma darasi ne. Rana ta biyu muka je wanke ƙafar wani dattijo mai ciwon suga, gyambon ya ci har kusa da ƙashi, da nas ta warware bandejin warin ya cika ɗakin, na ga yarinyar ta dafa ƙarfen gado fuskarta ta canza, na yi mata alama ta fita in tana so, ta girgiza kai. Dattijon yana ta kallon silin yana cije leɓe, sai naji ta matsa kusa da kansa tace sannu Baba, jikoki nawa gare ka? Ya fara lissafo mata su da yatsu har aka gama wankin. Da muka fito tace min Anti ni fa ban yi komai ba, kuma na kusa faɗuwa. Nace ki rubuta abin da kika gani yau kafin ki kwanta, banda sunansa banda lambar gado.

19 ga Yuli

UCAT muka sa a gaba ni da mai son Ingila, jarabawar tantance masu neman likitanci a can. Littafin da ta aro tsoho ne, tana ta ɓata lokaci kan sashen gano tsarin zane-zane alhali an cire shi daga jarabawar bana. Saura sashe uku masu maki, fahimtar rubutu, yanke shawara da lissafi, kowanne 300 zuwa 900, jimilla mafi yawa 2700, sai na huɗu mai auna yadda zaki yi hukunci a yanayin aiki wanda ake bada mataki 1 zuwa 4, na 1 ne mafi kyau. Fahimtar rubutu ke bata wuya, tambaya 44 kusan rabin minti kowace, ita kuma ta saba karanta komai daga farko har ƙarshe. Sau ɗaya ake zama a shekara, amma kina fita ake baki sakamako, dan haka zaki san makinki kafin ki zaɓi makarantu.

9 ga Agusta

WAEC ta fito, auta ta samu duka biyar a zama ɗaya, Fiziks C5 sauran B da A. Kiredit ne, sai dai makarantar da ta zaɓa tana sa darajar sakamakon sakandare cikin lissafi, dan haka jarabawar bayan UTME ce zata raba gardama. Na sa ta je ta ɗora sakamakon a shafin JAMB ranar, dan in ba a ɗora ba ba za a ma duba ta ba.

13 ga Satumba

Wannan zaman ya tsaya min a rai. Mai son Ingila ta samu maki mai kyau a UCAT, mataki na 2, sai takardar bayanin kai ta UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'o'in Ingila ta hannunta. Bana an canza tsarin, maimakon dogon rubutu ɗaya yanzu tambaya uku ce: me ya sa kike son wannan karatun, yaya karatunki ya shirya ki, me kika yi a wajen aji dan shiri, duka cikin haruffa 4,000 har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ta turo min abin da ta rubuta, Turanci kaman ruwa, ba kuskure ko ɗaya, amma na karanta sau biyu ban ganta a ciki ba, dattijon nan ma babu shi, sai manyan kalmomi kan sha'awar kimiyya da tausayin ɗan Adam waɗanda duk mai nema zai iya sa hannu a ƙasansu. Na tambaye ta wa ya rubuta. Tace ita ta fara, sai ta bawa irin manhajar nan ta AI mai rubutu ta gyara, sai wani ɗan uwanta ya sake gyarawa. Tace ko ni zan rubuta mata tunda na san abin da suke so.

Na ƙi, kuma na ga ranta bai so ba. Na gaya mata dalili biyu. UCAS suna bincikar kwafe kuma suna sa ki tabbatar rubutun naki ne. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, a intabiyu ana iya ɗauko layi ɗaya daga ciki a ce yi bayani, in ba daga cikinki ya fito ba a fuskarki za a gani. Nace ɗauko littafin da kika rubuta a watan Yuni. Ta karanto, a ciki ta rubuta wai abin da ya bata mamaki shine nas ɗin ta fi kowa sanin gyambon, likita ma ita ta tambaya ko ya fi na jiya, kuma ta rubuta tana mamakin yadda ciwon da ake iya riƙewa da magani da awon jini ya kai mutum ga rasa ƙafa, me ya faru a shekarun da suka wuce kafin ya zo. Nace to ga takardarki nan, wannan tunanin naki ne ba wanda zai baki shi. Sau biyar ta sake rubutawa, ni nawa kawai in ja layi in ce nan ban gane ba, nan kin faɗi abin da kika yi baki faɗi abin da kika koya ba.

Yaron ma mun fara yau kaman yadda mukayi alƙawari, daga babin farko na Kemistiri.

11 ga Oktoba

Ta tura fom. Ranar rufewa ga likitanci 15 ga Oktoba ce ƙarfe 6 na yamma agogon Ingila, amma sai malaminta ya haɗa takardar shaida kafin fom ya tafi shi ya sa na matsa a gama da wuri. Zaɓi biyar ne, huɗu kawai aka yarda su zama likitanci, na biyar ta sa kimiyyar lafiya. Mun zaɓi huɗun ne da makinta a hannu, wadda ke jingina sosai kan UCAT da wadda ta fi duba sakamakon makaranta, ta cire wata da take matuƙar so da hannunta bayan ta karanta yadda suke tacewa.

15 ga Nuwamba

Auta ta samu. Da asuba ta kira ni tana kuka bana ma jin me take cewa. Nace kafin komai ki shiga CAPS, shafin JAMB na bada gurbi, ki danna karɓa ki fitar da takardar JAMB, dan duk gurbin da bai bi ta nan ba ba gurbi bane. Na kuma faɗa mata shekara 6 ce a gabanta sai shekarar horo a asibiti, kuma aji ɗaya ma ana tacewa, ta yi murna sati ɗaya ta dawo mu duba Fiziks ɗin nan.

Babbarsu shiru har yanzu kan DE ɗin da ta nema. Wani ya turo mata saƙo wai yana da hanya a ciki in ta turo kuɗi, Allah ya sa ta nuna min kafin ta amsa, nace ta toshe lambar. Wani kuma yana tallata mata makarantar ƙasar waje, nace ta fara duba ko sunanta na cikin kundin makarantun likita na duniya da ƙungiyoyin ilimin likitanci WFME da FAIMER ke kula da shi, ta kuma sani in ta dawo sai ta ci jarabawar MDCN kafin a bata lasisi.

6 ga Disamba

Makaranta ɗaya ta gayyaci mai son Ingila intabiyu, irin na MMI, wanda jami'ar McMaster ta Kanada ta faro a farkon shekarun 2000, ana zagaya tashoshi kowace 'yan mintuna da mai tambaya daban, in kin yi tuntuɓe a ɗaya ta gaba bata sani ba. Yau na zama mara lafiyar da ya ƙi a yi masa aiki, na sa agogo minti 7. Ta fara jero min ƙa'idojin nan huɗu, 'yancin mara lafiya, amfanarwa, kauce wa cutarwa da adalci, kaman mai karatun allo, nace tsaya, ni tsoro nake ji ba lacca na zo ji ba. Ta yi shiru ta sake farawa, tace Baba me ya fi baka tsoro game da aikin? Daga nan zaman ya tafi daidai.

Sati mai zuwa tashar bada labari mara daɗi da ta bayanin jadawali, zan roƙi wata abokiyar aikina ta zo ta yi mata tambayoyin dan ta saba da baƙuwar fuska. Yaron zai turo littafin kurakuransa na babin mol a Kemistiri ranar Laraba, ya ce lissafin yawan sinadari a ruwa har yanzu yana ruɗa shi. Babbarsu kuma in shirun ya kai ƙarshen wata zamu zauna mu tsara na baɗi.